Sinima: Hawayen ƙato da murmushin Kabiriya

Yau za mu leƙa ƙasar Italiya. Can aka haifi Federiko Felini, a garin Rimini, cikin 1920. Ya rasu a birnin Roma cikin 1993. Aikinsa shirya fim. A cikin finafinansa, biyu na fi so.

Na farko sunansa La Strada, wato Hanya. Ya fito cikin 1954. Wata uwa ce talauci ya ci ƙarfinta. Ta karɓi lira dubu 10, kuɗin Italiya na lokacin, ta ba da ɗiyarta Jelsomina ga wani ƙato, Zamfano. Shi kamar gardi yake. Yana bin garuruwa, ya ɗaura sarƙa a ƙirji, ya tsinke ta, jama'a su ba shi kuɗi. Ita tana kaɗa masa ganga, tana busa ƙaho. Yana dukanta, ba ya gode mata.

Wani mai tafiya bisa igiya ya nuna mata ƴar tsakuwa. Ya sanar da ita ko tsakuwa tana da amfani, balle mutum. Daga baya Zamfano ya buge mutumin nan har ya mutu. Hankalin yarinya ya gushe. Ƙaton ya gudu, ya bar ta tana barci cikin sanyi. Bayan shekaru ya ji wata mace tana rera waƙar da Jelsomina ke busawa. Ya tambaya, aka ce ai ta rasu. Da dare ya faɗi bakin teku yana kuka.

Gwanintar Felini ita ce bai yi wa kowa wa'azi ba. Fuskar Juliyeta Masina, matarsa, wadda ta fito a Jelsomina, ta isa. Ko wanda bai ji Italiyanci ba zai gane.

Amma ina da ƙorafi. An yi wa Jelsomina tayin mafita, har mata masu ibada a gidan addinin Kirista sun ce ta zauna wurinsu. Ta ƙi, ta bi mai dukanta. Fim ɗin ya so mu ga kyan wannan haƙuri. Ni ban gan shi ba. Haƙurin da ya kai yarinya kabari ba abin koyi ba ne. Kukan Zamfano kuwa ihu ne bayan hari.

Shi ya sa na fi son na biyu, Dararen Kabiriya, na 1957. Masina ce kuma. Kabiriya karuwa ce a Roma, tana da ɗan gidanta. Wani ya yi mata alkawarin aure. Ta sayar da gidan, ta ɗauko kuɗin duka. Ya kai ta bayan gari, ya ɗauke kuɗin, ya tsere. Ta yi kuka har ta gaji. Sannan ta tashi da ƙafarta, ta kama hanya. Ta haɗu da samari da ƴan mata suna kiɗa. Ta yi murmushi, ga hawaye a ido.

Duka biyu sun ci Oskar, babbar kyautar sinima ta Amurka. In kun sami kallonsu, ku zauna ku tattauna. Ku tambayi juna: wa ya fi laifi, ƙaton da ya biya, ko uwar da ta karɓa?