Ɗan Layin da ke Ƙiftawa

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfutar IBM PC ta 1981 ya san baƙin allon nan mai koren rubutu, da ɗan layi yana ƙiftawa a inda harafi na gaba zai sauka. Shi ne manuni. Ba a jima ba masu kwamfuta suka mai da sauya masa siffa al'ada, kuma ni ina ganin al'adar da mutunci.

Aikin yana hannun wani ɗan guntu na Motorola mai lamba 6845, wanda ke kula da allo. Kowane harafi yana zaune cikin ɗan akwati mai siraran layuka a jere, 14 a katin allo na MDA, 8 a na CGA. Lamba biyu kacal guntun yake nema: layin da manuni zai fara da wanda zai tsaya. A MDA yakan zo da 11 da 12, a CGA kuma 6 da 7. Ka ba MDA 0 da 13, sai siririn layin ya kumbura ya cika akwatin kamar tubali. Ko ɗan koyo yana iya yin haka da umarnin LOCATE na BASIC, yaren rubuta manhaja. Ƙiftawar ce dai ba ta taɓuwa, don katin da kansa yake yin ta.

Siffar kuwa magana take yi. A BASIC, da ka danna maɓallin Ins sai manunin ya yi kauri, yana shaida maka cewa abin da ka buga zai kutsa tsakanin haruffa, ba zai taka su ba. Da kwamfutocin cinya na farko suka zo da allonsu mai dishi-dishi da jinkiri, siririn layin yakan ɓace wa ido, mutum ya yi ta lalube cikin rubutunsa. Sai aka riƙa loda 'yan ƙananan manhajoji da ke zama a ƙwaƙwalwar na'ura suna mai da shi tubali. Ga mai raunin gani, wannan taimako ne babba.

Inda nake ganin laifi shi ne wajen wasu marubuta manhaja. Manuni kayan kowa ne, amma sukan ɓoye shi don su ƙawata allonsu, su fita ba su mayar ba, a bar mutum yana buga rubutu a duhu. Wasu su mayar da 6 da 7 ba tare da duba katin ba, sai a MDA layin ya ratsa tsakiyar harafi. Wannan sakaci ya yi yawa har, lokacin da katin EGA ya fito a 1984 da na VGA a 1987, sai da BIOS, wato manhajar tushe ta na'ura, ta koyi fassara lambobin CGA zuwa akwatin da ya fi tsayi. Alhali tun farko BIOS ɗin tana da hanyar tambayar siffar da ke kan allo. Mai kula yakan tambaya, ya adana lambobin biyu, ya mayar wa mai na'ura abinsa kafin ya fita.