Littafin Howard Schultz a Idon Mai Shan Jabana a Gadarif

Na karanta Pour Your Heart Into It, littafin da Howard Schultz ya fitar a 1997 tare da Dori Jones Yang, ina zaune kan 'yar kujerar wata mai jabana kusa da kasuwar riɗi a nan Gadarif. Tana soya gahawa a kan gawayi, tana daka ta da citta, ni kuma ina bin labarin yadda Starbucks ya tashi daga 'yan shaguna a Siyatil ya bazu a faɗin Amurka.

Inda littafin ya fi ƙarfi shi ne labarin mahaifin marubucin. A 1961 ya karye a wurin aiki, ba inshorar lafiya, ba diyya, iyalin suka shiga halin ni-'yasu a gidajen talakawa na Burukilin. Da Schultz ya samu iko, a 1988 ya ba har masu aikin rabin lokaci inshorar lafiya. Nan kam na yarda da shi, domin aiki ya gaskata magana. Haka kuma bayaninsa kan dalilin da ya sa ya ƙi sayar wa 'yan kasuwa izinin buɗe rassa da sunan kamfanin, ya gwammace ya riƙe shagunan a hannunsa don kada ɗanɗano ya lalace, darasi ne ga duk mai son faɗaɗa sana'a.

Sai dai ina da ƙorafi biyu. Na farko, ba Schultz ne ya kafa Starbucks ba. Jerry Baldwin da Zev Siegl da Gordon Bowker ne suka buɗe shi a 1971. Shi ya shigo a 1982, ya ga shagunan gahawa na Milan a 1983, sannan ya sayi kamfanin a 1987 kan dala miliyan 3.8 da kuɗin masu zuba jari. Bai ɓoye wannan ba, amma sunan littafin da zubinsa suna cusa wa mai karatu cewa zuciya ce jari. Matar da nake zaune a gabanta tun asuba take hura wuta. Ba himma ta rasa ba, ta rasa mai ba ta bashi da wurin da ba za a tashe ta ba.

Na biyu, manomi. Gahawar da muke sha daga Habasha take shigo mana ta Matamma da Gallabat, saboda haka mun san gumin da ke bayan kowane finjali. A littafin, manomi ya fi fitowa a matsayin wanda ake yi wa alheri, ba abokin ciniki mai haƙƙi ba. A 2006 rigima ta ɓarke tsakanin Starbucks da gwamnatin Habasha kan mallakar sunayen Sidamo da Harar da Yirgacafe, Oxfam ta mara wa Habasha baya, sai a 2007 aka sasanta. Wanda ya lura da giɓin da ke littafin ba zai yi mamaki ba.

Ina ba matasanmu shawara su karanta shi, amma da alƙalami a hannu: duk inda ya ambaci zuciya, su duba wa ya kawo kuɗin. Ni dai burina in ga ranar da mace irin Awadiya Mahmud Koko, wadda ta haɗa kan masu shayi a Khartum, za ta ba mu nata labarin a rubuce.