Kifin Harriet Powers da Kifin Kanti

Duk wanda ya kwana biyu a Amurka ya san bargon nan da suke kira kwilt. Ba saƙa shi ake yi ba, ɗinka shi ake yi, hawa uku: a sama ƙananan ƙyallaye ne da aka harhaɗa, a tsakiya auduga, a ƙasa shafi, sai a bi da allura a ɗinke ukun wuri guda. Da zarar watan Nuwamba ya kama, kantunan kayan ɗinki sai su cika da yadi mai hoton mala'iku. Da bazara kuma kifi ne da furanni. Har leda guda ake sayarwa, an riga an yanka ƙyallayen, ga takarda tana nuna inda za a ɗora kowanne. Akwai kuma 'yan ƙananan da ake cusa wa auduga a rataye a jikin bishiyar Kirsimeti ko a bakin taga.

Waɗannan kaya suna shigowa gidajenmu ko mun saya ko ba mu saya ba. Yaro ya dawo da su daga makaranta, ko maƙwabciya ta kawo barkar haihuwa da ɗan bargo mai kifaye. Tambayar da aka fi yi a gidajen Musulmi ita ce, ya halatta a ajiye ko bai halatta ba? Wannan ta malamai ce, kowa ya san wanda yake tambaya. Tawa tambayar daban ce: da me za mu gane aikin kirki a cikin irin wannan ɗinki? Don na lura mu da muka taso muna bambance aska takwas ta hannu da ta keke tun daga nesa, in muka zo nan sai idonmu ya mutu, kowane tsumma mai launi sai mu ce "kai, ya yi kyau".

Ma'aunin da nake so in ba ku aikin wata mata ce, Harriet Powers. An haife ta baiwa a 1837 a jihar Jojiya, kusa da garin Athens, ta rasu a 1910. Barguna biyu ne nata suka rage a duniya. Na farko yana gidan tarihin Smithsonian a Washinton, na biyu yana gidan adana zane-zane na Boston. Ko ba ku je ba, hotunansu suna nan a intanet, ku buɗe ku kalla kuna karanta wannan.

Na Boston nake so mu tsaya a kai, wanda ta gama wajen 1898. Gida goma sha biyar ne, layi uku, kowane layi gida biyar. A kowane gida ta yanko siffofi daga wani ƙyalle ta ɗora a kan wani ta ɗinke, wani wuri da hannu wani wuri da keke. Kallon farko za ku ce aikin yara ne. Mutanen ba su da wata fuska ta a-zo-a-gani, hannuwa a miƙe, dabbobin kuma sai an gaya maka wannan raƙumi ne, wancan giwa. Wanda ya saba da ɗinkin kanti mai layi santal zai iya taɓe baki. To, ba a nan gizo ke saƙar ba.

Ku dubi gidan farko a layi na biyu. Ga jirgin ruwa, ga mutum an jefo shi, ga ƙaton kifi ya zo haɗiye shi. Labarin Annabi Yunusa ne, wanda mu ma muka sani tun muna makarantar allo. Kifin nan yana da aiki a wurin. In kuka cire shi, gidan ya rushe, don shi ne hukuncin, shi ne kuma mafakar. Yanzu ku tuna kifin da ke kan bargon kanti: ja, shuɗi, rawaya, ja, shuɗi, rawaya, duka suna kallon gefe guda, duka suna murmushi. Ku cire guda ɗaya, ba wanda zai yi cigiya. Ku cire duka ku sa agwagi, bargon bai canza ba. Wannan shi ne gwaji na farko, kuma shi ne babba: in an cire siffar nan, akwai abin da aka rasa?

Haka mala'ikunta. A gida na goma, mala'ikun azaba ne ɗauke da kwanukan fushi bakwai, daga littafin ƙarshe na Baibul, ga wata dabba mai kawuna da ƙahoni ta fito daga ruwa. A bargonta na farko kuma akwai mala'ika a kan tsanin da Yakubu ya gani a mafarki. Kowannensu aike ne ya kawo shi, kuma aiken ba na wasa ba. Shi kuwa jaririn nan mai kumatu da 'yan fukafukai da ya cika yadin kanti, ku sani ko a Baibul ɗin ma ba a kwatanta mala'ika haka ba. Asalinsa siffar ɗan allahn soyayya ce ta Girkawa da Rumawa, masu zanen Italiya suka farfaɗo da ita. Biyun nan da aka fi bugawa, masu tagumi suna kallon sama, an gutsuro su ne daga ƙasan wani babban zane da Raphael ya yi wajen 1512, wanda ke birnin Dresden na Jamus. An yar da sauran zanen, an riƙe jarirai biyun don sun fi shiga kasuwa. Mu da aka karantar da mu cewa daga haske aka halicci mala'iku, kuma farkon Suratu Faɗir ya ambaci fukafukansu bibbiyu da uku-uku da hurhuɗu, da maƙwabcinmu Kirista mai karanta littafinsa, duk mun san wannan ɗan tsana ba ya wakiltar abin da muka yi imani da shi. Ado ne kawai da aka ara wa babban suna.

Abin da ya fi burge ni a bargon Boston shi ne matar ba ta tsaya a littafi ba. A tsakiyar bargon cif, gida na takwas, ta sa daren 13 ga Nuwamba 1833, daren da taurari suka yi ta zuba a sararin Amurka har mutane suka ɗauka tashin duniya ne. Ga mutane sun ɗaga hannuwa, ga dabbobi sun firgita. Ku lura, shekara huɗu ke nan kafin a haife ta. Ba ta gani ba, a bakin manya ta ji, ta riƙe fiye da shekara hamsin, sannan ta ɗinke shi. Akwai gidan ranar duhu ta 19 ga Mayu 1780, da rana ta koma dare a arewa maso gabashin ƙasar. Akwai na wani mugun sanyi da aka yi a Fabrairun 1895, wanda wannan kam a idonta aka yi: mace ta daskare tana addu'a, wani ya daskare da buhun gari, wani kusa da tulun giyarsa, numfashin alfadari ya zama ƙanƙara. Har da wata alade mai taurin kai da aka ce ta yi gudun mil 500 daga Jojiya zuwa Bajiniya. Ta jera waɗannan kafaɗa da kafaɗa da labaran annabawa, kamar tana cewa Mai ikon da ya yi wancan shi ne dai ya yi wannan, a garinmu, a zamanin kakanninmu. Baiwar da aka 'yanta, matar manomi, ta rubuta tarihin mutanenta da ragowar yadi.

Masana da yawa sun ce salon nata ya yi kama da ɗinkin tutocin fadar Abomey ta Dahomey, a Jamhuriyar Benin ta yau, inda ake ɗora siffa a kan yadi don a tuna sarki da abin da ya yi. A can ma kifi ba ado ba ne: kifin shak alamar Sarki Behanzin ce, wanda ya yaƙi Faransawa. Kamar kam akwai ta, ido ma ya gani.

Sai dai kada in yi ta yabo kamar maroƙi. Aikin yana da rauni guda, kuma raunin darasi ne. Bargon ba ya iya magana shi kaɗai. In ba a gaya muku ba, ba yadda za a yi ku san wancan gidan sanyin 1895 ne. Mun sani ne kawai don an rubuta bayanin da ta yi da bakinta. Ku ji yadda ta kasance da na farkon. Ta kai shi bajekolin auduga a Athens a 1886. Wata malamar zane, Baturiya mai suna Jennie Smith, ta gani ta nemi saya, Harriet ta ce ba na sayarwa ba ne. Bayan 'yan shekaru talauci ya matsa, ta naɗo shi a buhu, ita da mijinta suka zo a keken shanu. Ta yi masa kuɗi dala 10, malamar ta ce 5 take da ita, aka sallama. Amma kafin ta saki, sai da ta bi gidajen nan goma sha ɗaya ɗaya bayan ɗaya tana faɗin abin da kowanne ke nufi, malamar tana rubutawa. Daga baya ma takan dawo ta duba shi. Allah sarki. Da ba a rubuta ba, da yau sai dai masana su yi ta cacar baki a kan wane ne wannan, wace ce waccan.

Ga ƙarshen labarin kuma. A farkon shekarun 1990, gidan tarihin Smithsonian ya ba wani kamfani izinin kwaikwayon wasu tsofaffin bargunan da ke hannunsa, har da na Harriet, aka riƙa ɗinko su a Chaina ana sayarwa. Maɗinkan Amurka suka yi ca a kan gidan tarihin. Siffofin duk suna nan a kwafin, tsani, taurari, mala'ika. Abin da babu shi ne matar da ta ƙi sakin kayanta sai ta yi bayani. 

Furanni fa? A nan zan sassauta. Fure ba ya buƙatar labari kafin ya yi kyau, kuma iyayenmu mata sun daɗe suna yi wa zanen gado da rigar matashi furanni da zaren ulu ba tare da sun nemi izinin kowa ba. Amma ko a nan akwai bambanci. Akwai wani tsohon salo da Amurkawa ke kira lambun furen kaka, ƙananan ƙyallaye masu kusurwa shida ana jera su zobe-zobe. Ya yi tashe a shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya karye, mata suna yanka tsofaffin riguna da buhunan gari masu zane. A irin wannan bargo, yarinya za ta iya nuna fure guda ta ce wannan rigar innata ce. Furen da aka yanka daga sabon yadi, an ma zaɓa miki launukan tun daga masana'anta, ba shi da wanda zai nuna. Gwaji na biyu ke nan: daga ina ƙyallen ya fito?

Kada kuma ku ɗauka ina raina duk mai ɗinka mala'ika. Akwai matan da ke karɓar rigunan amare da aka bayar sadaka su mayar da su 'yan rigunan binne jariran da suka rasu a asibiti. Akwai masu ɗinka barguna su kai wa yaran da ke jinya, ba su san su ba, ba za su taɓa haɗuwa ba. Maƙwabciyar da ta kawo muku ɗan bargo mai kifaye wataƙila ta yi makonni a kansa da ciwon baya. A karɓa da hannu biyu, a yi godiya. Sukar da nake yi ta kan kasuwar da ta mayar da siffofi masu nauyi abin cike gurbi ce, ba ta kan mai kyauta ba.

Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da hoton mai rai ba, balle siffar annabawa, wadda ni ma ba zan rataye a ɗakina ba, ƙofa ba ta rufe masa ba. Ku nemi aikin matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙaƙen fata a jihar Alabama. Babu kifi, babu mala'ika, babu mutum. Tsofaffin wandunan gona ne da rigunan aiki, an yanka dogo-dogo an jera, har inda gwiwa ta koɗe ana gani. An nuna su a manyan gidajen zane na Houston da New York daga 2002, a 2006 kuma aka buga su a kan sarki na gidan waya. Su ma sun ci gwajin nan biyu, don da yawa daga cikin ƙyallayen wani ne ya sa su ya yi gumi a ciki.

To, mu fa? Kusan kowane gida a cikinmu akwai akwatin da ba a buɗewa sai za a tashi: ankon bikin ƙanwa, atamfar suna, shaddar Baba da ta yi wa kowa yawa, zanen goyon da aka goyi yaran da yanzu suke jami'a. Sanyin ƙasar nan ya hana a sa su, zuciya ta hana a zubar. A jikin atamfofin nan ma akwai furanni, wasu har da kifi da tsuntsu, kuma kowanne da ranar da aka sa shi. In 'yarku ta ce tana son koyon wannan ɗinki, ko ke da kanki kina sha'awa, kafin a je kanti a fara buɗe akwatin. Ɗinkin farko zai karkace, ba komai, na Harriet ma ba santal yake ba.

Abu ɗaya dai kada a manta, shi ne wanda ya ceci aikinta. In an gama, a samu farin ƙyalle a ɗinka a bayan bargon, a rubuta da alƙalamin da ba ya wankewa: wannan na wance ne, an sa shi a bikin wane, a gari kaza, shekara kaza. A rubuta da Hausa, a ƙara da Turanci a ƙasa saboda jikoki.