Kowa Na Son Ungozoma, Wa Zai Ba Da 'Yarsa?

Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau kam sai na faɗe shi. Duk macen da naƙuda ta kama, fatanta ta tarar da mace 'yar uwarta a ɗakin haihuwa. Maigida ma in aka ce namiji ne zai duba iyalinsa, sai ki ga fuska ta canza, wani har ya ce a koma gida. To jama'a, ita wannan ma'aikaciya da kowa ke nema, daga sama za ta faɗo?

Mu yi lissafi. Firamare shekara 6, sakandare shekara 6, makarantar koyon jinya ko ungozoma shekara 3. Shekara 15 ke nan kafin a samu mace ɗaya da ta san abin yi in jini ya ɓalle. Kuma ba a ɗaukar yarinya sai ta ci Turanci da Lissafi da darussan kimiyya. Wadda aka cire daga aji uku, ko aka ɗora wa farantin talla, an riga an rufe mata ƙofar, an rufe wa garinsu ma.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mata kusan dubu 82 ne suka rasu a Nijeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Innalillahi! A 2009 Gwamnatin Tarayya ta fito da shirin tura ungozomomi karkara, har da waɗanda suka yi ritaya. Niyyar ta yi kyau, amma ni a ganina dabarar aro ce. Wadda aka kawo daga nesa, ba harshe, ba dangi, ba masauki mai kyau, wata nawa za ta yi? Baƙo raɓa, ɗan gari kaba.

Gwamnati na iya gina asibiti cikin shekara ɗaya, ta sayo na'urori daga Turai. Amma mai aiki da su ba a sayo ta cikin kwali, sai an rene ta. Don haka makarantar 'yan mata da ba malamin kimiyya, ba ɗakin gwaji, yaudarar iyaye ce kawai.

Na san tsoron iyaye: tarbiyya, nisan makaranta, da kuɗi. Ba tsoron banza ba ne. Sai dai aure ba ya hana karatu. Uwa, in an zo neman 'yarki, ki sa baki tun kafin a shafa fatiha, a yi alkawarin za ta ƙarasa. Ke kuma amarya, kada ki kulle takardunki a ƙasan akwati tare da lefe. Wa ya sani, ko hannunki ne zai ceci ƙanwarki gobe?

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.