Direba a Bakin Mawaƙan Hausa: Ina Aka Tsaya?

A wannan ɗan taƙaitaccen nazari za mu duba yadda mawaƙan baka suka siffanta direban babbar mota, mu kuma auna siffar da halin da sana'ar take ciki. Za mu ɗauki misali da direbobin da suke lodin hatsi da rake a Zoza da kasuwannin ƙasar Rogo da Ƙaraye, su kai Dawanau a Kano, ko su nausa Kudu har Ikko.

Haƙiƙa direba ya sami rabo mai tsoka a waƙar Hausa. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya wasa direbobi da dama da sunayensu, ya jera su sahu ɗaya da sarakuna da attajirai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a da kalangu da tabshi ba su san ɗan talaka mai riƙe da sitiyari ba. Amma kada mu manta cewa waƙar yabo roƙo ce. Direban da aka wasa shi ne wanda ya yi kyauta, saboda haka a waƙa kullum direba jarumi ne, mai sakin hannu, ba ya barci, ba ya tsoron hanya. Tambayar da ba a yi ba ita ce: motar ta wa ce, kuma nawa ake ba shi in ya dawo?

A ganinmu Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya fi kusa da gaskiyar lamarin a Waƙar Karen Mota. Ya bar mai zaman gaba ya ɗora kuntiginsa a kan yaron da yake kwana a kan kaya, wanda ba shi da abin ba maroƙi. Nan ne kuwa asirin sana'ar yake. Karen mota almajirin direba ne: shi ke sa weji, shi ke ɗaure tamfol, shi ke wankin mota da canjin taya, shekara da shekaru, kafin maigida ya yarda ya ba shi sitiyari a inda hanya ta miƙe. Daga nan ya zama direba, in Allah ya yi masa buɗi ya sayi tasa. Tsani ne mai hawa uku, kuma duk waƙoƙin nan, na yabo da na zambo, a kansa suka jingina.

To, wannan tsani ne ya fara karyewa. Zamanin da gingimari take kwasar gyaɗa daga ƙauyuka zuwa bakin jirgin ƙasa a Kano ya shuɗe tun da farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka rushe dalar gyaɗa. Da jirgin ƙasa ya ja baya, sai tirela da tanka suka gaje doguwar tafiya, Tafa da Mararrabar Jos suka zama zangon fataken zamani. A 2022 kuɗin man gas ya ninka fiye da sau biyu, ga shingaye barkatai, ga masu satar mutane a hanyar Kaduna zuwa Abuja. A farkon 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun, dillalan abinci da na shanu sun tsai da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, direbobi suka yi zaman jira ba da zaɓinsu ba. Bugu da ƙari, manyan kamfanoni na siminti da na mai sun mallaki motoci dubbai. Direbansu ma'aikaci ne: da takarda ake ɗaukarsa, da awo ake zuba masa mai, akwai kuma na'ura a jikin motar mai shaida wa ofis inda ya tsaya da daɗewar da ya yi. Wanda ake kallo daga ofis haka, ta yaya zai miƙa wa yaronsa sitiyari ya koya?

Ba muna cewa tsohon tsarin ya ɓace ba ne. A Zoza da makamantanta har yanzu ɗan kamasho ne yake haɗa mai kaya da mota, yaran mota kuma suna nan a kan buhuna. Sai dai hawa na uku, wato mallakar mota, ya yi wa mafi yawansu nisa, domin ko tsohuwar DAF 'yar kwatano ta fi ƙarfin abin da direba zai tara.

Abin da muke tuhumar mawaƙan yau da shi, na baka da na situdiyo, shi ne sun gaji kirarin direba amma ba su gaji idon Ɗanmaraya ba. In sun taɓo direba, sai su sake maimaita jarumta da kyauta, alhali mutumin yana iya shafe mako guda a layin lodi a Apapa, yana cin bashin mai shayi, iyalinsa a Rogo ba su san ranar dawowarsa ba sai abin da waya ta faɗa musu.