Infaƙul Maisuri: Littafin da Muke Yawan Ambato, Ba Mu Cika Buɗewa Ba

Duk mai zaman tafsirin azumi ko wa'azin daren Juma'a a masallatanmu na Isolo, Agege da Idi-Araba ya san sunan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu. In malami na son ya motsa zukata, sai ya ɗauko yaƙin Tabkin Kwatto da faɗuwar Alƙalawa, a yi ta kabbara. Sau da yawa ma akan rufe da cewa, ai haka yake a Infaƙul Maisuri. To amma littafin nan da ake jingina wa magana, mu nawa muka bi shi daga bango zuwa bango? Shi za mu duba a wannan fitowar, mu faɗi inda ya yi zarra, mu kuma nuna inda ya kamata mai karatu ya buɗe ido.

An haifi Bello wajejen 1781. Yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Shi ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808, inda Sarkin Gobir Yunfa ya rasa ransa, kuma shi ya kafa birnin Sakkwato a 1809. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi masa mubaya'a, ya riƙe daular shekara 20, har Allah Ya karɓi ransa a Wurno a 1837. Littafin kuwa da Larabci ya rubuta shi, ya kammala a 1812, mahaifinsa na da rai yana zaune a Sifawa. Wannan fa abin riƙewa ne. Mai ba mu labarin shi ne jagoran yaƙin, shi ne ɗan mai gidan, kuma ƙurar ba ta gama lafawa ba ya ɗauki alƙalami.

Littafin ya soma da bayanin ƙasashen da ya kira Takrur, su Barno, Ahir, ƙasar Hausa da Sanwai, da malamansu na da, irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani na Katsina. Daga nan ya shiga rayuwar Shehu da yadda yake wa'azi, sannan yaƙoƙi ɗaya bayan ɗaya. A nan dole mu yaba masa da abu guda: bai ɓoye ranakun baƙin ciki ba. Ya kawo Tsuntsuwa, inda jama'a suka rasa kimanin mutum 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Ya kawo karyewar da aka yi a Alwasa a 1805, da yunwa, da rashin lafiya, da yadda kwaɗayin ganima ya shiga zukatan wasu mayaƙa. Maroƙi ba ya faɗin ranar da ubangidansa ya sha kashi. Bello ya faɗa.

Amma a ganinmu, wurin da littafin ya fi daraja shi ne wurin da masu wa'azinmu suka fi tsallakewa, wato wasiƙun Shehu Muhammadul Amin Elkanemi na Barno. Bayan da masu jihadi suka shiga Birnin Gazargamu a 1808, Elkanemi, wanda shi ma gogaggen malami ne da ya zauna ƙasashen Gabas, ya rubuto yana neman hujja. Taƙaitaccen abin da ya tsaya a kai shi ne: mutanen Barno suna salla, suna azumi, suna ba da zakka, to da me aka halatta jininsu? In saboda cin hanci ne, da zaluntar marayu, da fitar mata ba lulluɓi, ai waɗannan saɓo ne, kuma saɓo ba ya fitar da mutum daga Musulunci. Ya ce ana yin irinsu a Masar da Sham, ba wanda ya kafirta su. Bello ya mayar da martani cewa sarakunan Barno sun taimaki sarakunan Hausa wajen yaƙar jama'a, kuma akwai yanka ga duwatsu da itatuwa a ƙasarsu.

Ko ka gamsu da amsar Bello ko ba ka gamsu ba, tsaya ka dubi abin da ya yi. Yana da iko ya share maganar Elkanemi, ya bar tasa kaɗai. Ba wanda zai tuhume shi a Sakkwato. Sai ya kwafe wasiƙun abokin hamayyarsa ya sa cikin littafinsa, hujjoji masu nauyin da har gobe malamai na tattaunawa a kansu. Yau shekara fiye da 200, ta hannun Bello muke jin muryar Elkanemi. Yanzu ku gaya mana, cikin masu raddin da muke saurare a waya, wa ke karanto maganar abokin saɓaninsa cikakkiya kafin ya amsa? Sai dai a yanko rabin jimla a ɗora a Facebook, a ce ga ɗan bidi'a, ko ga maƙiyin Manzon Allah. Har ta kai a unguwa ɗaya, 'yan garinsu ɗaya, wannan ba ya bin wancan salla.

To sai kuma inda littafin ke buƙatar a karanta shi da lura. Na farko, adalcin da Elkanemi ya samu, Gobirawa ba su same shi ba. Yunfa da sauran sarakunan Hausa ba su da baki a littafin. Muna jin abin da suka aikata, ba ma jin abin da suke tsoro ko abin da suka kafa hujja da shi. Haka talakan ƙauyen da aka cinye masa rumbu a shekarun yunwa, ko wace runduna ce ta ci, ba mu ji ta bakinsa ba. Na biyu, Bello ya kawo wata ruwaya da aka ba shi cewa sarakunan Hausa Bakwai jikokin wani bawan Sarkin Barno ne mai suna Bawo, ban da Gobirawa. Ruwaya ce ta ji-ta-ji-ta, kuma mai hankali zai lura cewa ta yi wa masu sabon mulki daɗi. Bai kamata a ɗauke ta kamar nassi ba.

Na uku ya shafe mu kai tsaye, mu mazauna Ikko. Da Bello ya zo bayanin ƙasar Yarabawa, ya ce suna sayen bayi daga Arewa su sayar wa Nasara a bakin teku, ya kuma yi gargaɗin kada a sayar musu da bawa Musulmi. Gargaɗi ne mai kyau, amma littafin bai bi sawun mutanen da yaƙe-yaƙen suka jefa cikin wannan hanya ba. Daga ɓangarorin biyu an kama mutane, an gangaro da su Kudu. Wasu ta tashar Ikko aka ɗora su a jirgin ruwa zuwa Bahiya ta ƙasar Barazil, inda Hausawa suka yi ta yunƙurin tawaye tun daga 1807. Wasu a nan suka tsaya, kuma daga cikin Hausawan da suka kuɓuta daga bauta ne Bature Gulba ya haɗa dakarunsa a 1863, waɗanda ake lasaftawa a matsayin tushen sojan Nijeriya. Ke nan tun kafin jirgin ƙasa da cinikin goro su tara kakanninmu a Agege, akwai Hausawa a Ikko waɗanda zamanin Bello ne ya kawo su, ba da son ransu ba. Su ma suna cikin tarihin, ko da ba su cikin littafin.

Kada wani ya ce wannan cin mutuncin magabata ne. Kowace al'umma tana fama da yadda za ta ba da labarin waɗanda suka kafa ta. Ku dubi Amurka, wadda ta shelanta 'yancinta daga Ingila a 1776, shekara 28 kacal kafin hijirar Gudu. Jagoransu Joj Washintan ya ci yaƙi, ya zama shugaban ƙasa na farko, ya sauka da kansa a 1797 bayan wa'adi biyu. Bayan mutuwarsa a 1799, wani limamin coci ya rubuta tarihinsa, daga baya ya cusa labarin cewa yana yaro ya sare bishiyar mahaifinsa ya ƙi yin ƙarya. Shekara da shekaru ana koya wa yara wannan, alhali ƙirƙira ce. Abin da aka daɗe ana kau da kai a kansa shi ne bayi fiye da 300 da ke aiki a gandunsa lokacin da ya mutu. Yau masana tarihinsu suna faɗin duka biyun, kuma hotonsa na nan a kan dala ɗaya. Gaskiya ba ta rage wa mai girma girmansa. Mu kuwa namu ya fi sauƙi, don Bello da kansa ya buɗe mana ƙofar muhawara.

Sai abu na ƙarshe: littafin ya tsaya a 1812, saboda haka Bello mayaƙi ne a cikinsa, Bello mai mulki bai riga ya bayyana ba. Wanda ya tsaya nan ya ga rabin mutum. Jarrabawarsa ta gaske ta zo bayan 1817. Abdussalami, malami Bahaushe da ya sha wuya tare da jama'a tun daga Gimbana, ya yi tawaye a Ƙware yana kukan rashin adalci wajen rabon ƙasa, aka yaƙe shi, ya rasu a Bakura a 1818. A nan ma Bello ya rubuta labarin a Sardul Kalami, har da ƙorafin mutumin. Baffansa Abdullahin Gwandu ya ji zafin yadda aka yi mubaya'a ba da shi ba, sai da Bello ya kai masa ɗauki a Kalambaina suka shirya. Daga nan ya dage kan gina garuruwan ribaɗi irin su Wurno, da zaunar da makiyaya, da koyar da su. A Usulus Siyasa, wadda ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina, ya ɗora wa shugaba nauyin kula da masu sana'a, da kasuwanni, da hanyoyi. A Tanbihus Sahibi ya yi magana kan neman halal da ƙin zaman kashe wando. Wallahi ɗan kasuwar Ikko ya fi buƙatar waɗannan fiye da lissafin dawakin Alƙalawa.

Shawararmu ga malaman Islamiyyunmu da limamanmu ita ce: littafin na samuwa da Larabci, akwai kuma fassarar Hausa. A sa shi cikin karatun manyan ɗalibai, a karanta wasiƙar Elkanemi da amsar Bello a zama ɗaya, a bar yara su auna. Mai wa'azi kuma in ya zo kan Alƙalawa, ya tuna cewa a sahun da ke gabansa akwai Bagobiri, akwai Babarbare, akwai Bafulatani, a bakin ƙofa kuma ga maƙwabci Bayarabe, abokin wasan Bagobirin. A baƙunta muke, kuma ranar da rikici ya tashi a kasuwa, ba wanda ke tambayar kakan wa ya riƙe tuta a 1804.

Allah Ya jiƙan Shehu da Bello da Abdullahi da Elkanemi, Ya jiƙan waɗanda ba a rubuta sunayensu ba, Ya ba mu haƙurin sauraron juna. Wassalam.