Gyaran saiti daga nesa, inda sabis ke rawa

A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, har da Batsari da Safana. An maido da layukan daga baya, amma duk wanda ya bar cikin gari ya nufi ƙauyukan bakin dajin Rugu ya san sabis na zuwa ne yana ɗaukewa. A irin wannan wuri ya fi kamata a auna wata tsohuwar al'adar masu kwamfuta: gyara fayil ɗin saiti da rubutaccen umarni, ba da linzami ba.

Cikin ƙaranci aka haifi al'adar. Lokacin da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara Unix a Bell Labs ta Amurka a 1969, ana magana da kwamfuta ne ta injin buga rubutu mai fitar da haruffa 10 a daƙiƙa. Dole umarni ya gajarta. Daga nan grep ya fito don neman layi, Lee McMahon ya rubuta sed don sauya shi, awk ya biyo a 1977. Layin wayar da ba zai buɗe hoton Facebook ba yana iya ɗaukar umarnin sed ta SSH, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa, har a gyara na'urar da ke Safana daga Dutsin-Ma ko Katsina.

Sai dai masu yabon al'adar ba su cika faɗin aibinta ba. Shi sed makaho ne riƙe da aska: bai san ma'anar fayil ba, jerin haruffa kawai yake lalube. A ce akwai layi mai cewa Port 22 a sshd_config, fayil ɗin saitin sshd mai karɓar SSH, ana son mayar da shi 2222, aka rubuta s/Port 22/Port 2222/. Sabis ya ɗauke ana tsakiyar aiki. Mai gyara bai tabbata umarnin ya shiga ba, sai ya sake turawa. A karo na biyu sed zai sake ganin Port 22 a farkon Port 2222, layin ya koma Port 222222, alhali lambar ƙofa ba ta wuce 65535. Da zarar an sake kunna sshd ba zai tashi ba, kuma an kulle kai a waje. A Kano, kuɗin adaidaita sahu zuwa wurin na'urar ne kawai asarar. A hanyar Batsari kuwa, akwai lokacin da ba a bin ta sai dole.

Shi ya sa a ganina gwaninta a wannan fage ba a taƙaita umarni take ba, duk da cewa da ita matasa suka fi tinƙaho. Gwani shi ne wanda rubutunsa zai gudu sau goma sakamakon bai canza ba. Yakan ɗaure layin da alamar ^ a farko da $ a ƙarshe, ya sa -i.bak domin tsohon fayil ya saura, ya duba bambancin da diff. Kafin ya sake kunna komai sai ya gwada da sshd -t, kuma ba ya rufe tagar da ya shiga da ita sai ya buɗe wata ya ga ta shiga.